Baba Yunusa Ding, Dattijon Flushing da Ya Roƙi Kabari

Ranar Talata, sha ɗaya ga Fabrairun 2025, daidai da sha biyu ga Sha'aban, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Baba Yunusa Ding a wani asibiti da ke Queens, yana da shekara tamanin da huɗu a duniya. Mai abu Ya karɓi abinSa, mu ma da muka rage kira muke jira.

Na san yawancin waɗanda za su karanta wannan ba su taɓa jin sunansa ba. Har cikin waɗanda suka tsaya a sahu suka sallace shi ranar Juma'a, babu wanda ya taɓa ganin fuskarsa yana da rai. Tun ranar ake tsare ni a ƙofar masallaci da kantin nama, ana tambayata wane ne wannan Basinen da aka yi wa salla, kuma me ya haɗa ni da shi. Na gaji da ba da amsa guntu-guntu ina share hawaye a gaban mutane, shi ya sa na zauna in rubuta gaba ɗaya.

Sunana Halima Sa'adiya, 'yar Kano ce ni, ina zaune a Highbridge ta Bronx da maigidana da 'ya'yanmu. Sana'ata kula da tsofaffi a gidajensu: in yi musu girki, in ba su magani, in raka su asibiti. Kamfani ne ke tura mu. Shekara huɗu da suka wuce aka ce an samo mini wani tsoho a Flushing, unguwar Sinawa. Wallahi ban yi murna ba. Ga nisa, jirgin ƙasa biyu kafin in isa, ga tsoron abin da za a sa ni in dafa. Ranar farko, ko rigar sanyina ban cire ba na faɗa wa ɗansa Liang cewa ni fa ba na taɓa naman alade. Ya yi murmushi ya ce in kwantar da hankalina, mahaifinsa ma ba ya ci, tun Liang yana yaro yake jin ana cewa yana ɓata masa ciki.

Baba, kana zaune a kujerarka ta bakin taga, siriri, da tabarau da rigar saƙa mai ruwan toka. Ka tambayi sunana, na faɗa maka, ka maimaita shi a hankali kamar kana ɗanɗana shi. Ka dubi hijabina ka daɗe, sannan ka mai da fuskarka titi. Na ce a raina, to, wannan ma irin masu kallon nan ne. Allah Ya yafe mini zaton.

Ka shekara talatin kana koyar da harshenku a makarantar sakandare a can ƙasar Sin, kuma da ka rasa aji sai ka mai da ni ajinka. Turancinka na ƙamus ne, nawa na kan titi, amma mun fahimci juna. Ka ce mini Sinawa suna da waɗansu tsofaffin maganganu, kowacce kalma huɗu ce tak, amma a bayan yawancinsu akwai labarin wani mutum da ya yi wauta ko hikima tun zamanin da. Wanda ya san labarin, kalma huɗun nan sun ishe shi. Wanda bai sani ba, sai ya ji kamar ana lissafa masa kayan miya.

Ta farko da ka koya mini, da ita ka zage ni, ban ma gane ba. Liang ya nuna mini yadda ake dama maka kunun shinkafa, shinkafa da ruwa kawai, ko gishiri babu. Na dubi abin nan na ce haba, ai ko mai jinya ba a yi masa wannan rowar. Na zuba ɗan man shanu, na barbaɗa yaji, na murje dunƙule ɗaya a ciki. Ka kai cokali baki, ka ajiye, ka jawo alƙalaminka na gashi ka zana kalma huɗu a jikin tsohuwar jarida. Sannan ka ba ni labarin waɗansu barori da aka ba su tulu ɗaya na abin sha, bai isa kowa ba, suka yarda a yi gasar zana maciji a ƙasa, wanda ya fara gamawa ya shanye. Ɗaya ya riga kowa, ya rungumi tulun, da ya ga sauran suna ta fama sai ya ce bari ya ƙara wa macijinsa ƙafafu. Kafin ya gama, wani ya kammala nasa ya fizge tulun, ya ce abin da ke da ƙafafu ai ba maciji ba ne. Na sha dariya. Sai da na zauna a jirgi zan koma gida na gane ni ce mai zana ƙafafun. Washegari na shigo da faɗana na ce ashe zagina ka yi jiya, kai kuwa ka yi ta dariya har tari ya sarƙe ka, sai da na ba ka ruwa.

Ba duka ne suka ba ni dariya ba. Wata rana ka ji ni a kicin ina yi wa 'yata Zalika tsawa a waya. Yarinya ce da kome na faɗa mata da Hausa sai ta amsa da Turanci, ni kuma na ɗora mata boko da Islamiyya da darasin yamma da hadda, ko Lahadi ba ta hutawa. Da na fito ka ce in zauna. Ka ba ni labarin manomin da ya ga shinkafar maƙwabtansa ta fi tasa tsawo, ya shiga gona ya bi kowane tsiro yana ɗan jawo shi sama don ya taimaka masa ya girma. Ya koma gida a gajiye yana alfahari, da ɗansa ya je dubawa ya tarar gonar duk ta bushe. Wannan karon ban jira jirgi ba, nan take na gane. Raina ya ɓaci, na ce me ka sani game da tarbiyyar 'ya Musulma a garin nan. Ka ci gaba da kallon taga. Amma a makon na janye yarinyar daga darasin yamma, kuma yau ita ke ɗaukar Alƙur'ani da kanta ba wanda ya ce mata.

Maganar nan da na yaɓa maka, sai bayan watanni na san nauyinta. A gidanka ba buta, da robar ruwa nake alwala, rannan kuma na manta da ita a gida. Ina dube-dube sai na hango a saman kabad wata tsohuwar butar ƙarfe mai dogon wuya, ta yi ƙura. Na ɗauka butar shayi ce ta gado, irin wadda ake ajiyewa don ado. Na ce a raina wannan ai buta ce sak, bari in ara, in wanke in mayar ba wanda ya sani. Ina tsugune a banɗaki ina zuba wa ƙafata ruwa, sai na ji ƙarar sandarka a bayana.  Na ce shi ke nan aiki ya tafi, wa zai yarda a wanke ƙafa da butar shayin kakanninsa? Na miƙe ina ta ba da haƙuri, ruwa na zuba a ƙasa. Kai kuwa ka dafa ƙofa kana kallon butar.

"Assalamu alaikum," ka ce.

Na tsaya da buta a hannu ina kallonka.

"Ba ta shayi ba ce, Halima. Ta mahaifina ce. Wannan aikin da kike yi da ita, dominsa aka ƙera ta."

Ranar ko girki ban yi ba. Ka gaya mini a lardin Gansu aka haife ka, a garin da ke da masallatai, mahaifinka ladan ne, kuma sunan da aka raɗa maka a gida Yunusa. Kana saurayi aka shiga wani zamani da aka rufe masallatan garinku, aka wulaƙanta mahaifinka a gaban jama'a, farar hula ta zama abin ɓoyewa. Ka bar garin ka tafi wani birni mai nisa inda ba wanda ya san asalinka, ka auri malama 'yar'uwar aikinka wadda ba Musulma ba. Ita ta sani, kuma shekara arba'in ba ta taɓa shigo da naman alade gidanka ba, ita ce ma ta ƙirƙiro zancen ciwon ciki don ta rufa maka asiri. Liang kuwa ba ku gaya masa ba. Da farko don tsoro, daga baya don ka rasa ta inda za ka fara.

Ka ce da al'amura suka lafa ka koma garinku sau ɗaya neman kabarin mahaifinka, sai ka tarar da babban titi da dogayen gidaje a inda ka san maƙabarta take. Ka yini kana zagayawa kana tambayar yara. A nan ka ba ni labarin mutumin da takobinsa ya faɗa kogi yana cikin kwalekwale, ya zaro wuƙa ya yi alama a gefen kwalekwalen daidai inda ya faɗa, ya ce idan an isa gaɓa zai shiga ruwa ta wajen alamar ya ɗauko. Ka ce shekara talatin kana koya wa yara wannan labarin suna yi wa mutumin dariya, kai ma kana taya su, ba ka san kai ne shi ba. Baba, ranar na yi kuka tun daga Flushing har Manhattan, mutane na kallona a jirgi, ban damu ba.

Ni ba malama ba ce, ban taɓa yi maka wa'azi ba. Abin da na sani, daga ranar idan na shimfiɗa darduma sai ka kashe talabijin. Bayan wani lokaci ka ce in juya maka kujerarka ta fuskanci inda nake fuskanta. Sai na fara jin kana motsa baki a bayana. Ashe Fatiha tana nan a bakinka ba ta je ko'ina ba, da wata irin karya murya da ban taɓa ji ba, wadda ka ce haka mahaifinka yake karantawa. Da azumi ya zo ka ce sai ka yi, likita ya hana saboda magungunanka, ka koma ɓoye abincin rana a ƙarƙashin jarida kamar ƙaramin yaro. Mun yi faɗa a kan wannan ba kaɗan ba, kuma ni na yi nasara, don na fi ka baki.

Matarka ta riga ka rasuwa da shekaru. Bisa al'adar danginta aka ƙone gawarta, aka zuba tokar a ɗan tulu, aka ajiye a wani gini da ke Queens inda ake jera irin waɗannan tuluna a gurabe cikin bango, bayan gilashi. Kowane wata nakan tura ka a keke mu je, ka goge gilashin da hannun rigarka, ka yi mata magana da Sinanci. Kusa da gurbinta akwai wani gurbi da ba kowa a ciki. Naka ne. Liang ya yi wa mahaifiyarsa alkawari tana gadon mutuwa cewa zai ajiye ku gefe da gefe. A kakar bara, muna dawowa daga can, ka ce in tsayar da keken a gefen titi.

"Halima, ina son matata, Allah Ya sani. Amma kada a ƙone ni. A wanke ni, a naɗe ni da farin ƙyalle, a sa ni cikin ƙasa kamar mahaifina."

Na ce Baba, wannan ba ni za ka gaya wa ba, Liang za ka gaya wa, ni 'yar aiki ce, maganata ba ta da nauyi. Ka ce za ka gaya masa. Duk Litinin idan na zo sai in tambaye ka, kai kuma ka ce ka fara. Na ga irin farawar taka wata Lahadi da na yi aikin ƙari. Liang ya zo da lemo, ka zaunar da shi, ka shiga jero masa maganganun nan naka masu kalma huɗu, daga wannan labari ka faɗa wancan, kana kewaye-kewaye. Shi kuwa yaron kirki, ya gaji da aikin mako, ya dafa kafaɗarka ya ce Baba an fara darasi ke nan, ya tashi ya je gyara maka na'urar ɗumama ɗaki. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana bayyana wa 'ya'yan wasu ma'anar magana, ya kasa faɗa wa ɗan cikinsa magana ɗaya a fili. Na ji haushinka ranar, kuma na ji tausayinka.

Ciwon huhu ne ya kwantar da kai a farkon Fabrairu. Ranar Talatar ina riƙe da hannunka ɗaya, Liang yana riƙe da ɗayan. Na sunkuya ina maimaita kalmar shahada a kunnenka, na ga leɓenka yana bina, daga nan ka yi shiru. Liang ya ɗauka addu'ata ce irin tamu nake yi, har ya gode mini. Da muka fito baranda, idanunsa jawur, ya ce mini kada in damu da komai, ya riga ya kira kamfanin da ya shirya gawar mahaifiyarsa, ranar Alhamis za a ƙone.

Ni dai Allah Ya yi ni da saurin baki. Maimakon in bari yaron nan ya numfasa, sai na zazzage masa komai a tsaye a barandar asibiti: mahaifinka Musulmi ne, sunansa Yunusa, ya ce kada a ƙone shi. Ya dube ni kamar na mare shi. Ya ce shekara hamsin yana ɗan mutumin nan bai taɓa jin wannan ba, ni da na zo jiya zan gaya masa wane ne ubansa? Ya ce ya san irinmu, mu sami tsoho ba shi da ƙarfi mu cusa masa addininmu. Ya ce in kawo mabuɗin gida gobe, aikina ya ƙare. Ban riƙe shi da wannan ba, ko a lokacin. Mutum ne da mahaifinsa ya mutu a hannunsa ɗazu.

Maigidana ya ce in bar maganar, na isar da saƙo, saura na Allah, kada kamfani ya ji in rasa aiki gaba ɗaya. Na ce masa idan na bari aka sa dattijon nan a wuta, da wane ido zan dube shi gobe ƙiyama. Bayan la'asar ya raka ni wurin Malam Barmo, limamin masallacinmu da ke kusa da titin Grand Concourse, mutumin Maraɗi. Malam ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni ko na taɓa ganin mamacin yana salla da idona. Na ce Allah gafarta Malam, shekara uku muna yi tare, shi a kujera ni a darduma. Ya ce wannan ya isa, ɗan'uwanmu ne, haƙƙinsa yana wuyanmu. Amma ya ce ba a ƙwace gawa daga hannun ɗa, kuma ba da faɗa ake shiga gidan makoki ba. Ya tambaya ko mamacin ba shi da wani babba a dangi da ɗan yake jin nauyinsa. Sai na tuna da ƙanwarka da kakan ambata, wadda ta rage a Gansu.

Da safiyar Laraba na kai mabuɗin. Na tarar da Liang a zaune a ƙasa cikin falo, bai ko canza kayan jiya ba. Na durƙusa na ba shi haƙuri a kan yadda na faɗi maganar, na ce amma maganar ita kanta ba zan janye ba. Na ce kada ya yarda da ni, ni baƙuwa ce, ya kira gwaggonsa ya tambaye ta, duk abin da ta ce na yarda. Ya ce rabonsa da ita tun yana ƙarami, lambar ɗanta kawai gare shi, kuma dama dole ya sanar da su rasuwar. Ya daɗe yana juya wayar a hannu, sannan ya yi kiran bidiyo.

Ɗan ne ya ɗauka, suka yi magana, ya kai wa tsohuwar. Ina daga gefe na ga fuskarta ta cika wayar: 'yar tsohuwa ba haƙora, da farin lulluɓi ya rufe kanta da wuyanta. Da aka gaya mata, kalmar farko da ta fito daga bakinta ba Sinanci ba ce, salati ne irin wanda kowace tsohuwa a Kano za ta yi. Ta yi ta kiran Yunusa, Yunusa. Ban ji abin da suka ce ba, amma na ga Liang ya faɗi wata kalma, na san ta ƙonewar ce, tsohuwar ta dafe ƙirji ta fasa kuka tana girgiza kai tana ɗaga hannuwa biyu tana roƙonsa. Da aka kashe wayar ya zauna bai motsa ba. 

"Na yi wa mahaifiyata alkawari," ya ce.

Na ce na sani, ni nake kai Baba wurinta.

Ya rufe fuskarsa da hannu, ya daɗe. Sannan ya ce, "Ban san yadda ake yi ba. Ki kira mutanenku."

Da na sanar da Malam Barmo a waya, na ji yana ce wa na kusa da shi, "Ku tashi mu tahi mu ɗauko ɗan'uwanmu." Kudus, mutumin Zangon Kumasi da ke wankan gawa a masallacinmu, shi ya ajiye tasi ɗinsa ya bi takardun asibiti da na maƙabarta tare da Liang har suka kammala. Shi ya wanke ka, Baba, ya sa ɗanka ya tsaya a gefe yana zuba ruwa. Ranar Juma'a bayan an sallame, Malam ya miƙe ya ce akwai gawar wani dattijo Musulmi daga ƙasar Sin, ba shi da kowa a garin nan sai ɗa ɗaya, wanda yake da hali ya tsaya. Mu mata muna sama muna leƙe. Direbobi da masu shaguna da ma'aikatan asibiti, mutanen da ke sauri su koma bakin aiki, ban ga wanda ya ɗauki takalminsa ba. 'Yan Nijeriya da 'yan Nijar da 'yan Ghana da 'yan Senegal, sahu ya cika har bakin ƙofa. Liang yana tsaye a gefe cikin baƙar kwat, ba takalmi, yana kallon mutanen da bai taɓa gani ba suna rige-rigen sa kafaɗa a makarar mahaifinsa.

Maƙabarta ban je ba. Mu mata ba ma zuwa, haka muka taso. Na tsaya a bakin titi cikin dusar ƙanƙara ina kallon motocin har suka sha kwana suka nufi New Jersey, kuma ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini ciwo. Maigidana ne ya ba ni labari: ƙasa ta daskare, sanyi kamar ya tsaga kunne, Malam ya ce ɗa shi ya fi cancanta ya karɓi uba, sai Liang ya cire kwat ɗinsa ya shiga ramin, Kudus yana nuna masa yadda zai juya fuskarka alƙibla.

Sadakar uku, kwana uku bayan an binne ka, a gidanmu aka yi ta, don ba wani gidan da za a yi. Na dafa shinkafa da miya, maƙwabta suka kawo waina. Ban zaci Liang zai zo ba, sai ga shi ya hawo tudun Highbridge da kwandon lemo. Ya zauna a kan kafet cikin maza, ƙafafunsa sun ƙi lanƙwasuwa, ana addu'a yana kallon tafin hannun mutane. Da aka shafa ya ce yana so ya yi magana. Ya ce maganganun mahaifinsa masu kalma huɗu yawancinsu sun bi ta bayan kunnensa, amma akwai ɗaya da ta dawo masa a bakin kabari, wadda ake faɗa a kan mutumin da ya kawo maka gawayi ranar da dusar ƙanƙara ta rufe ka ba ka da abin hura wuta. Ya ce bai san yadda zai gode ba sai da ita. Wannan kam ba ka kai ga koya mini ita ba, Baba, a bakin ɗanka na fara jin ta.

Da zai tafi na raka shi bakin matakala. Ya tambaye ni abin da na san yana cinsa tun ranar Talata: me ya sa ni ka gaya wa, ba shi ba. Na ce masa ni ba abin da zan rasa idan na ji, shi kuwa sai ya zaɓa tsakanin uwarsa da ubansa, kuma mahaifinsa ya kasa ɗora masa wannan yana kallon idonsa. Ya gyaɗa kai. Ya sauka 'yan matakala, ya tsaya, bai juyo ba.

"Jiya na je wurin mahaifiyata," ya ce. "Na gaya mata ba zai zo ba."

Na koma ciki na rufe kaina a banɗaki na yi kukan da ban yi a asibiti ba. Na samo maka abin da ka roƙa, Baba, kuma ko yau aka sake zan sake. Amma ba ni na biya ba, yaron nan ne ya biya, kuma shi zai ci gaba da zuwa yana tsayawa gaban gurbin nan da ba kowa a ciki.

Ya Allah, ga bawanKa Yunusa ɗan ladan ya zo maKa. Ka san abin da ya ɓoye da dalilin da ya sa ya ɓoye, Ka san tsoron da ya shiga da shekarun da ya yi shi kaɗai da sirrinsa. Ka gafarta masa, Ka karɓi sallolinsa na kan kujera, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka haɗa shi da mahaifinsa a inda ba wanda zai sake raba su. Malam Barmo da Kudus da duk wanda ya tsaya a sahun nan ko ya bi motoci cikin sanyi, Allah Ya ba ku masu tsaya muku ranar da kuka kwanta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga ƙanwarsa da 'ya'yanta a Gansu, Allah Ya ba su haƙuri. Ina miƙa ta ga Liang, wanda ya karya alkawarin da ya fi ƙauna don ya cika wanda ba a taɓa faɗa masa ba. Allah Ya sanyaya zuciyarka, Ya saka maka da abin da ya fi, Ya sa ka samu mai yi maka abin da ka yi wa mahaifinka. Ƙofarmu a Highbridge a buɗe take gare ka ko yaushe. Mu kuma da muka saura, Allah Ya sa mu cika da kyau da imani, amin.

Halima Sa'adiya Dikko
Highbridge, Bronx